Jagoran farauta na bayan Gwaram: abin da ya burge ni da abin da ya kamata ya gyara

Akwai wani dattijon maharbi a wani ƙauye can bayan Gwaram, ɓangaren da ya doshi iyakar Bauchi, wanda ya mai da karɓar baƙin farauta sana'a. Sunansa dai zan bar shi tunda bai ce in masa talla ba, kuma 'yan farautar Wudil da Birnin Kudu da yawa suna jin bayanin za su gane wa nake nufi. Aikinsa shi ne, kai da kake son shiga daji amma ba ka da gona ba ka da kowa a yankin, ka kira shi ku shirya, ya ba ku wurin kwana da abinci, ya nemo muku izini wajen masu gonaki da mai unguwa, sannan ya shige gaba da karnukansa ya kai ku ya dawo da ku. Mun je da hunturun nan da ya wuce, ni da abokaina biyu da wani yayanmu, kuma in taƙaice muku ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Amma fa ba kowa ne zai iya da mutumin nan ba, sannan akwai abubuwan da wlh ya kamata ya gyara.

Bari in fara da haushin tunda da shi na fara cin karo. Samun Baba a waya aiki ne ja. Garinsu netwok sai an hau tudu, ka kira ka kira a ce maka a kashe take, in ta shiga kuma wani jikansa ne zai ɗauka ya ce "Baba ya shiga daji" ya katse. Da Allah ya sa muka same shi ya faɗi kuɗin kowane mutum, kuma gsky ba tsada in ka duba har da kwana da abinci a ciki. Sai da muka isa muka ji ashe kuɗin babura daban, goron mai unguwa daban, ɗan abin da za a ba yaran da ke riƙe karnuka shi ma daban. Ba wai cutarmu yai ba, duk abin da ya lissafa na ga an yi shi da idona, amma abu ne da ya kamata a faɗa wa mutum tun yana gida ya san me zai zuba a aljihu, balle shi ba ya karɓar taransifa kuma mai POS sai ka koma cikin Gwaram. Hanya daga Kano ba laifi, Wudil, Kwanar Huguma, Birnin Kudu har Gwaram, daga nan za ku ajiye mota a gidan wani ɗan'uwansa ku hau babur ku sha yashi. In motarka ƙarama ce kar ma ka ce za ka gwada shiga da ita.

Mun sauka bayan la'asar, ko jaka ba mu gama ajiyewa ba ya ce mu tashi mu je mu gai da mai unguwa. Muka cire takalma muka durƙusa, ya ajiye goro ya ce "Ranka ya daɗe ga baƙina, mutum huɗu ne bindiga biyu, gobe za mu shiga ta gabas kuma ba za su tsallake rafi ba." Mai unguwa ya sa aka kira shugaban bijilanti, ya zo da wani littafi ya rubuta sunayenmu da lambobin waya, ya duba katin ɗan ƙasa, ya duba takardar bindiga. Eh, bindigar toka ma tana da takarda, wajen 'yan sanda ake nemanta, kuma Baba ba ya karɓar baƙon da ya zo da bindiga ba lasisi ko da ɗan wa ne. Ɗaya abokin nawa ya ɓata rai wai kamar mun zo caji ofis. Ni kam daɗi na ji. Ba wanda ya manta abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025, mafarauta 16 mutanen Kano, akasarinsu 'yan Bunkure, suna hanyar dawowa gida yin sallah aka tare motarsu aka kashe su don an ga bindigogin toka, Allah ya jiƙansu. Nan gida ne ba Edo ba na sani, amma yadda ƙasar nan ta koma, baƙuwar fuska da bindiga a bayan gari da asuba ba wanda zai gan ta hankalinsa ya kwanta. Gara gari ya kwana da sanin su waye a daji.

Abin da ya fi burge ni, kuma a ganina shi ne ainihin abin da kake biyan kuɗi a kai, zagayen da yai da mu kafin magariba ne. Ba bindiga ba kare, daga shi sai sandarsa. Ya bi da mu iyakokin gonaki ɗaya bayan ɗaya yana nunawa. Ni a idona duk fili ɗaya ne an girbe dawa an bar tushen kara, amma shi sai ya ce daga layin gamban nan zuwa waccan kukar mai kogo ta wani Alhaji ce ya yarda mu shiga, daga kukar zuwa shingen bini-da-zugu ta marayu ce kawunsu ya yarda amma ban da karnuka don akwai rogo a ƙasa, waccan mai darni kuwa ko inuwarta kar ku taka, mai ita ya ce a'a. Na ce Baba me ya yi zafi haka? Ya ce shekarun baya wasu 'yan farauta ne suka zo a a-kori-kura cike da karnuka da gorori, ba sallama ba gaisuwa, suka cinna wa ciyawa wuta don su koro gafiya da zomo, iskar hunturu ta kwashi wutar ta cinye wa mutumin harawar waken da ya ɗaure a kan bishiyoyi da tarin karan da zai yi danga, su kuma suka hau motarsu suka tafi. Wanda ba manomi ba gani zai yi ai an gama girbi, me ya rage a gona? Da yawa ya rage. Harawar nan da ka gani a rataye kuɗi ce tsaba idan bazara ta yi, da ita ake riƙe tumaki da awaki har ruwa ya sauka, zoɓo a lokacin wasu ba su gama cirewa ba, rogo yana ƙasa, wasu kuma sun yi da Fulani su ci kara su bar musu taki, to ka saki karnuka a tsakiyar garken mutum ka ga abin da zai biyo baya.

Na tambaye shi ko masu gonakin sun ba shi izini ne gaba ɗaya an gama. Ya girgiza kai ya ce "Ɗana, izinin bara ya tafi da bara. Gonar da na shiga bara wataƙila bana an ba da ita jingina ko an raba gado, wanda zan tambaya ya canja." Duk kaka sai ya sake bin su gida gida.

Da daddare bayan isha'i ya zaunar da mu ya karanto dokokinsa, kuma ba da wasa yake faɗa ba. Ya miƙo wata tsohuwar robar fenti ya ce duk mai ashana ko laita ya saka a ciki sai mun dawo, abokina mai shan sigari ya ce shi fa zai kiyaye, Baba ya ce wanda ya ƙona harawar ma cewa yai zai kiyaye. Ba fita da tocila da dare, ba ɗana tarko don tarko bai san ƙafar gada da ƙafar yaron da ya fito kiwo ba, ba harbi ta ɓangaren ruga ko burtali ko hanyar rijiya komai kyan abin da ka gani, karnuka suna igiya har sai shi ya ce a saki. Duk ƙyauren garkar da muka buɗe mu rufe shi yadda muka same shi, wanda muka tarar a buɗe kuma mu bar shi a buɗe don ba mu san dalilin mai shi ba. Ba tsinkar goba ko tonon rogo ko karyar rake da sunan ai ɗaya ne. Ledar fiya wata kowa ya mai da aljihunsa, wannan ya nanata ya fi sau nawa, ya ce akuya in ta haɗiye leda ramewa take har ta mutu kuma mai ita ba zai san baƙin Baba ne suka kashe ta ba amma Allah ya sani. Sai wadda ta fi ba ni dariya amma da na yi tunani na ga gaskiyarsa, wai kar wanda ya ɗau bidiyo ya sa a TikTok da sunan garin, don yana sakawa sati mai zuwa mota uku za ta sauka, kuma kar ka je gida ka dawo da kanka da wasu mutanen ka ce ai ka san hanya. Wanda aka ba izini shi aka ba, ba shi da abokansa da abokan abokansa ba.

Yayanmu shi barewa ce ta kawo shi, tun a mota yake maganarta. Baba ya kashe masa maganar tun a daren. Ya ce barewa in mun gan ta mu kalla mu gode Allah, ba mai ɗaga mata bindiga a bayansa, don shi kansa yakan yi shekara bai sa ta a ido ba, alhali da yana yaro har kusa da gari suke zuwa. Gada ita ya yarda, ita ma namiji, mai 'yan gajerun ƙahonnan nan, macen ba ta da su saboda haka ba ka da uzurin cewa ba ka gane ba. Yayanmu ya ce to ko za a ɗan matsa wajen da ake samu? Baba ya ce shi ba ya kai baƙo gandun gwamnati, Falgore da Baturiya ta Kirikasamma duk an hana, tun 2020 ma gwamnatin tarayya ta sa su cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa, Lame-Burra ta Bauchi ita ma an hana farauta a cikinta, wanda yake son kwana a hannun ma'aikatan daji ya nemi wani jagoran. Don haka duk wanda aka ce masa a nan ana cika buhu da naman barewa ƙarya aka masa.

Mun fita ana idar da asuba, sanyi har cikin ƙashi ga hazo ko gabanka ba ka gani sosai. A nan na san mutumin nan ya san aikinsa. Sai ya tsaya a gefen wata gonar wake ya tsuguna, ya nuna mana sawu ƙanana masu tsini a kan yashi, ya ɗau 'yan ƙwayoyin kashi ya murje da yatsa ya ce na daren nan ne bai bushe ba, ya nuna inda aka gutsiri ragowar ganye, sannan ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta nufa ya ce mu zaga ta yamma. Ya jera mu, kowa ya san inda ɗan'uwansa yake, ya ce duk mai harbi ya yi bismillah kafin ya taɓa kunama, shi ma da zai saki karnuka da bismillah ya sake su. Kafin hantsi mun samu zabin daji da fakara da zomaye, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu, ƙafata ta shaida.

Gadar kuwa daga cikin gamba ta tashi, yayanmu ya sakar mata, hayaƙin toka ya turnuƙe, kafin ya washe mun ga ya same ta a baya amma ba ta faɗi ba, ta ja ƙafa ta kutsa ta ƙarƙashin darni. Darnin da aka ce ko inuwarsa kar mu taka. Ga jini ɗigo ɗigo a kan ciyawa har bakin shingen, karnuka kamar su tsinke, Baba ya daka tsawa a kama su a ɗaure. Abokina ya ce "Haba Baba, namanmu ne fa, ga jini nan, yanzu za mu shiga mu fito ba wanda ya gani." Baba ya ce "Naman naku ne, gonar fa ta wa ce?" Ya sa jikansa ya ruga inda aka ajiye babur ya tafi gari kiran mai gonar, mu kuma muka zauna gindin wata tsamiya, yayanmu sai huci yake yana cewa za ta mutu mushe a banza. Baba ko kallonsa bai yi ba, ƙulle-ƙullen igiyar kare kawai yake.

Mutumin ya zo a bayan babur, dattijo ne shi ma, fuska a murtuke. Baba ya miƙe ya tare shi, "Sannu Malam, mun taso ka cikin sanyin nan, a yi haƙuri." Ya tambayi wa ya harba, daga ina aka harba, aka nuna masa, ya je ya duba da kansa ya ga lallai daga gonar Alhaji aka yi harbin ba daga tasa ba. Sannan ya kwance ƙyauren da hannunsa ya ce Baba da mutum ɗaya su shiga, ban da kare. A cikin zoɓo suka same ta kwance da sauran rai, aka fuskantar da ita alƙibla aka yanka. Da aka ba shi cinya ya ce a bar shi, Baba ya matsa, ya karɓa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya rufe ƙyaurensa ya ɗaure. Bai ce mana badi ku shigo ba, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Ni a nan ina tare da Baba ɗari bisa ɗari kan ƙin tsallake shingen, amma ina da magana. Dabbar nan ta daɗe tana shan wuya muna zaune, kuma da mutumin ya tafi kasuwa ranar fa? Tunda yana bin mutane gida gida neman izini, ya kamata waɗanda suka ce a'a ya ƙara musu da tambaya ɗaya, in abin da aka harba ya faɗo gonarka ka yarda mutum ɗaya ya bi jini ya ɗauko ko sai an kira ka? Ko kuma kar ya jera masu bindiga dab da gonar da ya san ba shiga. Na faɗa masa, ya yi shiru ya ce zai duba.

Rabon nama shi ne inda abokaina suka yi ta gunaguni har muka dawo Kano. Gada dama ba ta wuce ɗan akuya ba, cinya ɗaya ta tafi gidan wanda ta faɗi a gonarsa, ɗaya gidan Alhajin da aka yi harbi a tasa, ƙafar gaba gidan mai unguwa, kai da kayan ciki na yaran karnuka, abin da ya rage mana kana iya ƙulle shi a leda ɗaya. Abokina ya ce wato mun biya kuɗi mun zo mun yi wa gari farauta. Ni ban ga haka ba, waken da gadar ta ci ta yi ƙiba na su ne ba namu ba, kuma zabi da zomaye duk an bar mana. Shi mai ƙorafin ma shi ne kullum yake kallon mafarautan Amurka a YouTube, masu harbin barewarsu mai farar wutsiya, na ce masa ai can ma haka ne har sun fi mu tsanani, a Texas sama da kashi 90 na ƙasar ta mutane ce, kuɗi ake biyan mai fili na kakar farauta guda, wasu jihohin sai da izini a rubuce a aljihunka, wasu kuma mai fili fenti ruwan shunayya kawai zai shafa wa bishiya, ka wuce shi ka shiga hannun hukuma.

Abu ɗaya da zan so Baba ya ɗauka a wajensu shi ne rigar nan mai launin lemo da suke sawa don kar a harbi juna. Yaransa duk baƙaƙen riguna ne na maharba da layu, cikin hazon nan wlh sai yaro ya zo kusa kake gane mutum ne. Ko irin rigar leburorin titi mai ƙyalli ce ai ba tsada. Haka maganar maciji, yankin akwai kububuwa, na tambaye shi in ta sari baƙo fa, ya nuno min wani ƙullin magani a aljihu. Ban raina maganinsa ba amma sarar kububuwa allurar asibiti take so, kuma Kaltungo da aka sani da wannan aikin tana can jihar Gombe ba nan kusa ba, ya kamata a ce ya san asibitin da zai nufa da babur a shirye. Ku sa takalmi mai rufe idon sawu, silifas ba na wajen ba ne. Karnukansa biyu ƙwararru ne sauran rakiya suke, kuma da na tambayi ko an musu allurar haukan kare sai aka hau kallon juna.

Masauki ɗakin soro ne an share shi tas an shimfiɗa tabarmi, bargo ka zo da naka don nasu ɗaya ne. Banɗaki gsky sai a hankali, ba rufi ba ƙofar kirki, ruwa kuma na rijiya ne mai sanyin tsiya amma in ka yi magana Inna za ta ɗora maka a wuta. Abinci kam ba abin cewa, tuwon dawa miyar kuka da man shanu, da safe kunun tsamiya, da rana aka kawo fura da nono daga rugar da aka hana mu harbi ta wajenta, kuma farfesun zabin da Inna tai mana daren ƙarshe har yanzu ina tuna shi. Cajin waya sai wajen mai shayi mai sola, shi ma layi ne, ka taho da fawa bank.

Wanda yake son farautar gayya ta kiɗa da kirari da rububin wa ya fara bugu, nan ba wajensa ba ne, Baba zai kore shi tun kafin azahar kuma ba zai mai da masa kuɗi ba, ya faɗa da bakinsa. Wanda kuma yake son ya koyi karanta sawu ya shiga gonar mutane ya fito ba a bi shi da Allah ya isa ba, ya je, daga an gama girbi zuwa kafin a fara sharar gona ne lokacin. Ku riƙe tsabar kuɗi fiye da abin da ya faɗa, ku ƙara da sabulu ko sukari na gidajen masu gonaki don ba laifi ba ne ka shiga da abu a hannu. In za ku kira shi ku kira ranar Talata da rana, yana zuwa cin kasuwar Sara, ranar ce kawai wayar take hannunsa kuma take shiga.